Tsofaffin fayilolin MOD da na gada: suna zan amince da shi, ko abin da ke cikin fayil?

Nasiru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman shawararku a kan wani al'amari da ya tsaya mini a rai kusan mako biyu. Baffana, Allah ya jiƙansa, ya bar wani tsohon faifan kwamfuta, kuma bayan an kwashe abin da ke cikinsa lafiya, sai na tarar da wata jaka mai ɗauke da fayiloli 412 waɗanda nake da yaƙinin kiɗa ne, domin shi da bakinsa ya taɓa gaya mini cewa yana haɗa kiɗa a kwamfuta tun kafin a haife ni. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sunayensu. Wasu suna ƙarewa da .MOD, kamar ASUBA.MOD, wasu kuma kalmar tana a farkon sunan, kamar mod.asuba, sannan akwai 'yan kaɗan masu ƙarewa da .S3M da .XM da .669. Idan na danna mai .MOD, manhajar kallon bidiyo ce take buɗewa, sai ta ce fayil ɗin ya lalace. Masu farawa da mod kuwa, kwamfutar ba ta ma san da me za ta buɗe su ba, domin tana ɗaukar kalmar asuba a matsayin nau'in fayil. Shin sun lalace ne da gaske? Idan ba su lalace ba, in canza musu sunaye gaba ɗaya ne, ko in bar su yadda na same su?

Auwalu:
Wa alaikumus salam, Nasiru. Allah ya jiƙan Baffa. Ba su lalace ba, manhajar da kwamfutarka ta zaɓa ce ba ta san su ba. Shawarata ita ce ka mayar da duk masu farawa da mod su koma masu ƙarewa da .mod, ka buɗe su da VLC ko OpenMPT, sannan ka juya su zuwa MP3 domin ka huta da wannan wahalar har abada. Tsarin ya tsufa sosai, kuma ban ga dalilin da zai sa mutum ya riƙa ɗawainiya da shi a yau ba.

Malam Habibu:
Allah ya gafarta masa, ya sa ya huta. Nasiru, kafin ka taɓa suna ko guda ɗaya, ina roƙonka ka yi kwafin jakar gaba ɗaya ka ajiye ta a wani wuri daban, ka yi duk gwajinka a kan kwafin. Bayan haka bari in bayyana maka abin da kake riƙe da shi, domin sanin asalinsa shi zai sa ka fahimci dalilin da sunayen suka rabu biyu.

Tsarin MOD ya samo asali ne daga manhajar Ultimate Soundtracker, wadda wani Bajamushe mai suna Karsten Obarski ya fitar a shekarar 1987 domin kwamfutar Commodore Amiga. A cikin Amiga akwai wani guntun sauti da ake kira Paula, wanda yake iya fitar da muryoyi huɗu a lokaci guda, kowace murya tana kunna gajeren sautin da aka ɗauka aka adana da bit 8. Amiga 500 tana zuwa ne da ƙwaƙwalwar kilobayit 512 kacal, ƙaramin faifanta kuma yana ɗaukar kilobayit 880, don haka babu yadda za a yi a naɗi kiɗa na minti biyar kamar yadda muke naɗa a yau. Dabarar da aka yi ita ce a adana samfuran sauti 'yan kaɗan, misali bugun ganga guda ɗaya da sautin tsirkiya guda ɗaya, sannan a rubuta umarnin da ke cewa a kunna samfur kaza a lokaci kaza da amo kaza. Fayil ɗin MOD ba naɗaɗɗen kiɗa ba ne. Kayan kiɗan ne da rubutaccen tsarin kaɗa su a haɗe cikin jaka guda, manhajar da ta buɗe shi kuma ita ce makaɗiyar.

Maganar suna kuwa, a Amiga tsarin kwamfutar bai dogara da wutsiyar suna ba, wato haruffan da ke bayan ɗigo, wajen gane nau'in fayil, kuma suna yana iya kaiwa haruffa 30. Masu amfani da waɗannan manhajoji, waɗanda ake kira tiraka, sun saba sanya mod a gaba, sai ɗigo, sai sunan kiɗan. Amfanin hakan a bayyane yake, domin idan aka jera fayiloli bisa haruffa, dukkan kiɗan yana taruwa a wuri ɗaya. A kwamfutocin MS-DOS kuwa doka ta tilasta haruffa takwas na suna da uku na wutsiya, saboda haka da kiɗan ya tsallaka can, sai mod ta koma baya, dogayen sunaye kuma aka datse su. Ke nan mod.asuba da ASUBA.MOD suna iya zama abu ɗaya a ciki, amma sunan farko yana nuna cewa fayil ɗin ya rayu a Amiga ko ya fito kai tsaye daga tarin masu Amiga, na biyun kuma yana nuna ya bi ta DOS. Wannan labari ne da sunan yake ɗauke da shi, kuma idan ka canza sunan ba tare da ka rubuta shi ba, labarin ya tafi ke nan.

Rukayya:
Malam Habibu ya yi bayani mai gamsarwa, sai dai ina son in ƙara jan hankali a kan dalilin da ya sa manhajar bidiyo ta buɗe. Wutsiyar .mod ba ta kiɗa ce kaɗai ba. Wasu tsofaffin kyamarorin bidiyo na JVC da Panasonic da Canon sun riƙa adana bidiyon MPEG-2 da wannan wutsiyar, sau da yawa tare da wani ƙaramin fayil mai ƙarewa da .MOI a gefensa. Masu rubuta manhaja da harshen Fortran suna samun fayilolin .mod daga wajen mai harhaɗa lambobinsu, masu harshen Go suna da go.mod, manhajar GRUB mai tayar da kwamfuta tana da nata, haka ma harshen Modula-2. Babu wata hukuma da ke raba wutsiyoyin suna ta ce wannan na wane ne, kowa yana ɗaukar haruffan da suka yi masa daidai. Kwamfutarka kuma ba ta leƙa cikin fayil ba kafin ta zaɓi manhaja, ta duba haruffan bayan ɗigo ne kawai, ta nemi manhajar da aka yi wa rajista da su.

Saboda haka ni a wurina wutsiya da'awa ce, hujja tana cikin fayil. Ka samu manhajar da ke nuna ɗanyen bayit na fayil, ka tafi matsayi na 1080 idan ana ƙirgawa daga sifiri. A fayil ɗin MOD na yau da kullum za ka ga haruffa huɗu a wurin, mafi yawa M.K., kuma su ne hatiminsa. Lissafin da ya kai mu wurin ba mai wuya ba ne: bayit 20 na farko sunan kiɗan ne, sai bayanin samfura 31 kowanne da bayit 30, wanda ya kai mu 950, sai bayit biyu, na farkonsu yana faɗin tsawon kiɗan, sai bayit 128 na jerin allunan da za a kunna, wato shafukan da aka rubuta umarnin kaɗawa a cikinsu, jimla 1080. Kana iya ganin M!K! idan allunan sun haura 64, ko FLT4 idan tirakar Startrekker ce ta rubuta shi, ko 6CHN da 8CHN idan muryoyin shida ne ko takwas. Idan kuwa fayil ya fara da 00 00 01 BA, to bidiyo ne, ba ruwansa da kiɗan tiraka. Mai amfani da Linux ko Mac yana iya tambayar umarnin file, wanda aikinsa ke nan, duba ciki ba tare da kula da suna ba.

Nasiru:
Na gode, Malam Habibu, na gode, Malama Rukayya. Na yi kwafin kamar yadda aka ce, kuma na kwana ina duba fayilolin. Ga abin da na samu. Mafi yawansu suna da M.K. a wurin da aka ambata, wasu 'yan kaɗan suna da 8CHN, kuma dukkansu sun kunnu a OpenMPT. Karo na farko ke nan da na ji abin da Baffa ya haɗa da hannunsa. Fayiloli uku masu girma sosai sun fara da 00 00 01 BA, kuma da na buɗe su sai na ga bidiyon iyali ne da suka faɗa jakar bisa kuskure. Amma akwai guda 23 da babu komai mai ma'ana a matsayi na 1080, sai tarkacen lambobi, sannan akwai guda 9 da suka fara da PP20. Dukkan 23 ɗin nan sunansu yana farawa ne da mod.

Auwalu:
To, bisa ƙa'idar da Rukayya ta kawo, waɗannan 32 ɗin ba MOD ba ne, ko kuma faifan ya ci su saboda tsufa. Idan hujja tana ciki, kuma an duba ciki ba a ga hatimi ba, ina ganin magana ta ƙare. Ka ware su gefe, ka ci gaba da waɗanda suke aiki.

Malam Habibu:
A'a, Auwalu, kada mu yi gaggawa a nan, domin ina kyautata zaton waɗannan 23 ɗin su ne mafi tsufa kuma mafi daraja a cikin jakar. Soundtracker ta asali samfura 15 kawai take ɗauka, kuma ba ta sanya hatimi ko kaɗan. An zo da hatimin ne daga baya, lokacin da aka faɗaɗa tsarin zuwa samfura 31, domin manhaja ta iya bambance sabon tsari da tsohon. NoiseTracker ta 1989 da ProTracker ta 1990 duk da sabon suke aiki, shi ya sa ya mamaye ko'ina. A tsohon tsari lissafin yana zama haka: bayit 20 na suna, samfura 15 sau 30 wato 450, sai bayit biyu, sai 128, jimla 600. Daga bayit na 600 allunan kiɗa suke farawa, saboda haka wanda ya leƙa 1080 yana kallon tsakiyar allo na farko ne, kuma dole ya ga abin da ya yi kama da tarkace.

Wannan ne ya sa ban yarda da Rukayya ɗari bisa ɗari ba a kan cewa suna da'awa ce kawai. Ga fayil mai samfura 15, babu wata alama tabbatacciya a cikinsa da ke cewa ni kiɗa ne. Manhajojin da ke kunna shi suna yin kintace ne, suna duba ko lambobin ciki sun yi kama da na hankali, kuma kintace yana iya kuskure ta ɓangarori biyu, ya karɓi abin da ba kiɗa ba ko ya ƙi kiɗa na gaskiya. A irin wannan hali, kalmar mod da Baffa ko wanda ya ba shi ya rubuta a gaban suna ita ce shaida mafi ƙarfi da muke da ita. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma a nan linzamin shi ya jawo mu zuwa ga gaskiya.

Masu PP20 kuwa matsattsu ne. PowerPacker manhajar matse fayil ce da ta yi tashe a Amiga, mutane suna matse kiɗansu da ita domin faifai ya ɗauki da yawa, kuma galibi ba sa canza sunan bayan matsewa. Kiɗan yana nan a ciki, sai an warware shi tukuna hatimin zai bayyana. Manhajar xmp tana iya warware irin wannan da kanta yayin kunnawa.

Rukayya:
Na karɓi gyaran, Malam. Na yi maganar hatimi kamar kowane MOD yana da shi, alhali tsohon tsari ba shi da shi. Sai dai har yanzu ina ganin cikin fayil yana iya ba da shaida, ko da babu hatimi, idan mutum ya yarda ya yi ɗan lissafi. Nasiru, ka ɗauki ɗaya daga cikin 23 ɗin ka gwada wannan. A bayanin kowane samfur, bayit 22 na farko sunansa ne, biyu na gaba tsawonsa ne, amma ana ƙirga shi da bayit bibbiyu, don haka sai ka ninka lambar sau biyu. Ka lura cewa babban bayit ne yake zuwa farko, domin haka Motorola 68000, na'urar sarrafawa da ke cikin Amiga, take jera lambobi, saɓanin na'urorin Intel. Ƙarfin sautin kowane samfur ba ya wuce 64, idan ka ga 200 a wurin to akwai matsala. Daga nan ka duba jerin alluna 128, ka nemi lamba mafi girma, ka ƙara ɗaya, shi ne yawan allunan. Kowane allo yana da sahu 64, kowane sahu muryoyi huɗu, kowace murya bayit huɗu, wato bayit 1024. Idan ka haɗa 600 da yawan alluna sau 1024 da jimlar tsawon samfura, sakamakon ya kamata ya yi daidai da girman fayil ɗin ko ya yi kusa da shi ƙwarai. Fayil ɗin da ba kiɗa ba da wuya ya ci wannan jarrabawa bisa dace. Idan kuma girman ya gaza lissafin da yawa, to a nan ne za mu ce an datse shi, kuma ko a hakan allunan suna iya kasancewa lafiya, samfuran ƙarshe ne kawai za su yi shiru.

Sadiya:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma abin da nake son in taɓa shi ne shawarar juyawa zuwa MP3, domin an wuce ta ba a tattauna ba. Tunda manhaja ce makaɗiya, kamar yadda Malam Habibu ya ce, to duk lokacin da aka juya MOD zuwa naɗaɗɗen sauti, abin da aka adana shi ne yadda manhaja guda ta kaɗa shi a rana guda, kuma manhajojin ba su yi ittifaƙi a kan komai ba.

Misali na farko shi ne sauri. A ProTracker kiɗa yana farawa da bugun agogo 50 a daƙiƙa, kowane sahu yana cin bugu shida, don haka allo guda mai sahu 64 yana ɗaukar daƙiƙa 7.68. Tsofaffin tiraka sun ɗaure wannan bugun ne da sabuntawar hoton allon talabijin, wanda yake 50 a Amiga ta Turai, 60 a ta Amurka, saboda haka kiɗa ɗaya yana iya gudu da ƙarin kashi ɗaya cikin biyar a wata na'urar. Daga baya ProTracker ta samu damar amfani da agogon guntun CIA, wani guntu mai ƙidayar lokaci a cikin Amiga, sai umarnin F mai saita sauri ya rabu biyu: lamba ƙasa da 32 tana canza yawan bugu a sahu, 32 zuwa sama tana canza saurin bugun kansa. Tsohon kiɗan da ya yi amfani da babbar lamba da ma'anar farko, idan aka fassara shi da ma'ana ta biyu, tsarinsa yana rikicewa, kuma hatimin M.K. ba ya faɗa maka wace ma'ana aka nufa, domin tiraka daban-daban sun yi tarayya a kansa.

Misali na biyu shi ne rabon kunne. Paula tana aika murya ta ɗaya da ta huɗu hagu, ta biyu da ta uku dama, ba tare da gauraya ba. Ta lasifika wannan yana da daɗi, amma da abin sauraro na kunne yana gajiyarwa, shi ya sa manhajojin yau suke ba da damar rage rabon. Akwai kuma matatar sauti ta Amiga wadda kiɗan da kansa yake iya kunnawa ko kashewa da umarnin E0, har fitilar na'urar ta canza haske tare da ita. Wata manhaja tana kwaikwayon matatar, wata tana yin biris da ita. Duk waɗannan zaɓuɓɓuka suna buɗe matuƙar ainihin fayil ɗin yana nan, amma a MP3 an riga an yanke su.

Auwalu:
Na fahimci bayaninki, Sadiya, kuma ban taɓa cewa ya goge na asali ba, ko da yake na yarda ban faɗi hakan a fili ba. Abin da nake karewa shi ne haƙƙin sauran iyali. Nasiru yana da haƙurin zama ya ƙirga bayit, amma 'ya'yan marigayin da matarsa da jikokinsa waya kawai gare su, kuma idan aka tura musu mod.asuba ba za ta buɗe ba, za su ɗauka babu komai a ciki. Kiɗan da ba wanda ya ji, ko da an adana shi da kyau, bai cika burin wanda ya haɗa shi ba. Na taɓa ganin tarin wani abokina wanda ya nace sai an bar komai a tsarinsa na asali, kuma bayan shekaru babu wanda ya san yadda ake buɗe shi a gidansu sai shi kaɗai. Don haka ra'ayina bai canza ba a kan buƙatar naɗaɗɗen kwafi. Abin da na janye shi ne maganar ware guda 32 ɗin nan, domin Malam Habibu ya nuna mini kuskurena.

Sadiya:
A kan wannan ba mu da saɓani, Auwalu. A yi naɗaɗɗen kwafi domin sauraro, a rubuta sunan manhajar da aka yi amfani da ita da saitin da aka zaɓa, a ajiye na asali a gefensa. Zan so a fara naɗa shi a FLAC, wanda ba ya zubar da komai daga sautin, sannan a ciro MP3 daga gare shi domin waya.

Malam Ɗanjuma:
Ba a ce komai ba a kan sauran wutsiyoyin da Nasiru ya ambata, kuma ina tsoron kada ya haɗa su duka ya mayar .mod saboda an ce duk kiɗan tiraka ne. Dangi ne, amma kama da wane ba wane ba ne. S3M na Scream Tracker 3 ne, wadda ƙungiyar Future Crew ta ƙasar Finlan ta fitar a 1994, kuma hatiminsa SCRM yana matsayi na 44. XM na FastTracker 2 ne daga ƙungiyar Triton ta Suwidin, shi ma a 1994, kuma fayil ɗinsa yana farawa da rubutun Extended Module ƙarara, yana kuma ɗaukar samfura masu bit 16 da muryoyi har 32. Na .669 kuwa na manhajar Composer 669 ne a DOS, mai muryoyi takwas, hatiminsa haruffa biyu ne kawai a farkon fayil, if ko JN. Idan ya ci karo da .IT, na Impulse Tracker ne na Jeffrey Lim, yana farawa da IMPM.

Akwai wani abu da yake nuna zumuncin da ke tsakaninsu wanda nake jin daɗin ambatonsa. A MOD ba a rubuta amo da sunansa, ana rubuta lambar da Paula take raba agogonta da ita ne, kuma lambar 428 ita ce ta amon C na tsakiya a ProTracker. A Amiga ta Turai wannan yana sa a karanta kusan bayit 8287 na samfurin a daƙiƙa, a ta Amurka kuma 8363. Lambar 8363 ɗin nan ita ce tsarukan DOS irin su S3M da XM suka gada a matsayin ma'auninsu, duk da cewa kwamfutocin da suke gudana a kai ba su da Paula. Wutsiyoyin waɗannan dai daidai suke, a bar su yadda suke.

Rukayya:
Mu koma ga tambayar Nasiru ta asali, wato canza suna. Ni ina goyon bayan a canza a kwafin aiki. Manhajoji da yawa, musamman na waya, suna tace jerin fayiloli bisa wutsiya, don haka mod.asuba ba za ta ma bayyana a jerin ba, ko da manhajar tana iya kunna ta. Amma akwai tarko biyu. Na farko, Windows tana ɓoye sanannun wutsiyoyi idan ba a canza saitinta ba, don haka a fara bayyana su kafin a taɓa komai, kada a wayi gari da suna mai wutsiya biyu ba a sani ba. Na biyu ya fi haɗari: idan mod.asuba ta koma asuba.mod a jaka ɗaya da ASUBA.MOD, Windows tana ɗaukar sunayen biyu a matsayin ɗaya, domin ba ta bambance babban baƙi da ƙarami. Na taɓa asarar fayiloli ta wannan hanya, lokacin da wata manhajar canza sunaye da yawa ta rubuta wani a kan wani ba tare da ta tambaye ni ba.

Malam Habibu:
Na yarda da canzawa a kwafin aiki, da sharaɗi guda. Maimakon a ɗauke mod daga gaba a kai ta baya, a bar sunan yadda yake a ƙara masa wutsiya, ya zama mod.asuba.mod. Bai da kyan gani, amma yana magance matsalolin duka: manhaja za ta gan shi, ba zai yi karo da ASUBA.MOD ba, kuma duk wanda ya kalle shi zai san sunansa na farko. Kada kuma a ɗauka cewa biyu masu suna iri ɗaya abu ɗaya ne sai an gwada. A ciro lambar tantancewa ta SHA-256 ta kowanne a kwatanta. Idan lambobin sun bambanta, mai yiwuwa ɗaya gyararren ɗaya ne, wato Baffa ya koma kan kiɗan bayan wani lokaci, kuma a wurin iyali wannan bambancin yana da ƙima. Ina kuma gargaɗi da kada a buɗe na asali a tiraka ta zamani a danna adanawa, domin za ta sake rubuta fayil ɗin da nata salon, mai samfura 15 yana iya fitowa da 31 da sabon hatimi, shaidar tsufansa ta ɓace.

Nasiru:
Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Ga inda na tsaya. Jakar asali tana nan ban taɓa ta ba, a wurare biyu. A kwafin aiki na bi shawarar Malam Habibu na ƙara wutsiya ba tare da na cire komai ba. Daga cikin 23 ɗin, 21 sun ci jarrabawar Malama Rukayya, girmansu ya yi daidai da lissafin 600, kuma sun kunnu. Biyu sun gaza da kilobayit masu yawa, suna kunnuwa amma wasu kayan kiɗan ba sa fitowa, kamar yadda ta yi hasashe. Masu PP20 duka tara sun warware. Na kwatanta mod.asuba da ASUBA.MOD, kuma ba abu ɗaya ba ne: na farkon yana da muryoyi huɗu da M.K., na biyun yana da 8CHN, ya fi tsawo, kuma an ƙara masa wani sashe a ƙarshe. Da na canza suna a ranar farko yadda na yi niyya, da ɗaya ya hau kan ɗaya.

Akwai kuma abin da ban zata ba. A jerin sunayen samfura, inda nake tsammanin ganin ganga ko sarewa, na tarar Baffa ya yi amfani da guraben da babu sauti ya rubuta saƙo, layi bayan layi, kowane layi bai wuce haruffa 22 ba. A wani ya rubuta shekarar da ya gama kiɗan, a wani ya gaida abokansa, a wani kuma ya ce ya haɗa shi ne a daren da aka haifi 'yarsa ta fari. Zan kwafe waɗannan rubuce-rubucen in haɗa su da naɗaɗɗun kwafin da zan tura wa iyali. Tambaya ɗaya ta rage mini: guda huɗu daga cikin tsofaffin suna tafiya daidai, sai a tsakiya su yi wani irin ja da baya kamar an danne su. Shin wannan ne abin da Malama Sadiya ta bayyana?

Sadiya:
Alamunsa ke nan. Ka buɗe ɗaya a OpenMPT, ka je sahun da saurin yake canzawa, ka duba ginshiƙin umarni ko akwai F mai lamba 20 ko sama da haka, ka tuna cewa lambobin wurin na lissafin goma sha shida ne, don haka 20 tana nufin 32. Idan ka gan ta, ka shiga saitin kiɗan ka zaɓi tsohon lokaci mai bin sabuntawar hoto, wanda ake rubutawa VBlank, sannan ka sake saurara kafin ka naɗa. Ka yi hakan a kwafin aiki, kuma ka rubuta sunayen huɗun a takardar bayaninka tare da saitin da ya gyara su.